Makullin Wutar Tsohon Babur: Abin da Za a Duba Kafin a Yanke Waya

Ya ku 'yan kasuwa da dillalai, darasinmu na wannan fitowa a kan makullin wuta ne na tsohon babur, wato wurin nan da a ke zura ɗan makulli a murɗa kafin a buga kik. Makanikai suna ce masa iginishan. Ƙaramin abu ne, bai cika tafin hannu ba, amma ranar da ya ƙi sai ka ga mutum da buhun barkono a ɗaure a baya yana tura babur cikin rana, kasuwar ƙauye kuwa tana can tana watsewa. Ga dillali kuma abin ya wuce nan, domin makullin da ya lalace yana iya zama tsufa ne kawai, yana kuma iya zama sawun ɓarawo. Tilas a san yadda a ke rarrabewa.

Baburan da mu ke nufi su ne na Japan na dā da irinsu, waɗanda har yanzu suna yawo daga hannu zuwa hannu. Akwai Honda Super Cub wadda aka fara ƙerawa a 1958, da Honda CD175, da Suzuki A100, da Yamaha YB100, da Honda CG125 wadda ta fito a 1975, aka yi ta musamman domin ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma bakanike ya ke da nisa. A 1979 aka kafa kamfanin Honda na Nijeriya a garin Ota. Daga baya na Sin suka shigo, da yawansu zubin CG125 suka ɗauka, Jincheng AX100 kuwa zubin Suzuki ce. Injin waɗannan yana da jimiri, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Makullin wuta yana cikin abubuwan da su kan fara gajiya.

Ku sani makullin nan gida biyu ne a haɗe. Na sama shi ne gidan ɗan makulli, inda 'yan ƙananan haƙora na tagulla su ke, ba sa barin a murɗa sai da ɗan makullin da ya dace. Na ƙasa kuwa faifai ne na roba mai ɗigo-ɗigon tagulla da ɗan sifirin, a nan wayoyi su ke haɗuwa su rabu. Kowanne da irin ciwonsa. Na sama ƙurar hunturu ke cinye shi, da nauyin tarin makullan shago da na sito da wasunmu su ke ratayawa a jikin ɗan makullin babur, yana lilo a kan gargada har ramin ya buɗe. In ka ga ɗan makulli yana zarewa alhali inji yana aiki, to haƙoran sun ƙare. Na ƙasa kuwa ruwan damina ne maƙiyinsa, da ruwan masu wankin babur: tagullar ta yi kore, sifirin ya saki, ko dalmar da ta riƙe waya ta tsage.

Wani abu da a ke yi da nufin gyara, alhali ɓarna ce, shi ne ɗiga baƙin mai a ramin makulli. Ranar farko zai yi laushi, bayan mako biyu ƙura ta kama man ta zama taɓo. Abin da ya fi shi ne a kankare bakin fensir ya zama gari, a shafa a jikin ɗan makullin, a zura a zare sau da yawa. Makulli da dama da aka ce sun mutu, wannan kaɗai ya tashe su.

To, yanzu ga gindin darasin, kuma a nan ne mu ke roƙon mai karatu ya natsu. Ba aiki ɗaya makulli ya ke yi a kowane babur ba. Wutar da ke zuwa fulogi iri biyu ce.

Iri na farko shi ne babur mai yin wutarsa da kansa daga maganeto, wato kwanon nan mai maganaɗisu da ke juyawa a gefen inji. Yawancin ƙananan baburan dā haka su ke, ko masu kwantak ne ko masu ɗan akwatin nan da a ke kira CDI, wanda ya maye gurbin kwantak daga baya. Alamarsa ita ce yana tashi da kik ko da batir ya mutu, ko ma babu batir ɗin sam. A irin wannan, makulli ba ya ba fulogi wuta. Aikinsa shi ne ya ƙwace ta. Idan ka murɗa ka kashe, sai ya ɗauki wata waya, wadda za mu kira wayar kashewa, ya haɗa ta da jikin ƙarfen babur, wutar ta zube can, fulogi ya rasa, inji ya mutu. Idan ka kunna, sai ya raba su. A gefe guda kuma yana haɗa wutar batir da hon da sigina da fitilar birki.

Iri na biyu shi ne wanda fulogi ke cin wuta daga batir ta hanyar kwayil, kamar CD175 da wasu na baya-bayan nan masu CDI na batir. A nan makulli ƙofa ce ta gaske: ya buɗe wuta ta wuce, ya rufe ta tsaya. In batir ya yi sanyi ƙwarai, ko ka buga kik har ƙafarka ta gaji da wuya ya tashi.

Me ya sa mu ka daɗe a kan wannan? Domin maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Yaron bakanike da ya saba da iri na biyu, ya ji an ce a haɗa waya da waya babur zai tashi, in ya zo kan iri na farko ya kai wutar batir cikin wayar kashewa, yana iya ƙona CDI nan take. An zo gyaran makulli an koma sayen akwati, garin neman gira an rasa ido.

Sa'an nan ga maganar launin waya, inda mutane da yawa su ke faɗawa rami. Kowane kamfani da nasa tsari. A Honda, ja ita ce mai ɗauko wuta daga batir, baƙa ita ce mai kai wutar gaba bayan an kunna, koriya ita ce ta jikin ƙarfe, wadda makanikai ke kira at, baƙa mai ratsin fari kuma ita ce wayar kashewa. A Yamaha ja tana nan a matsayinta, amma mai kai wuta gaba ruwan ƙasa ce, baƙa kuwa ita ce at. A Suzuki mai kai wuta gaba ruwan lemo ce, at ɗinta kuma baƙa mai ratsin fari. Ku duba da kyau. Baƙar waya a Honda wuta ce, a Yamaha jikin ƙarfe ce. Baƙa mai ratsin fari a Honda ta kashewa ce, a Suzuki at ce. Wanda ya sayo makullin wani kamfani ya ce zai bi launi da launi, yana iya haɗa batir kai tsaye da jikin babur. In da fiyus, fiyus ɗin ya tsinke a huta. In kuwa an riga an maye gurbinsa da zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli, kamar yadda mu ke gani a tsofaffin babura da yawa, to wayarin ne zai yi hayaƙi a ƙarƙashin tanki, kusa da fetur. Balle kuma babur da ya shekara talatin ko arba'in a hannun mutane, masu wayarin nawa ne suka taɓa shi, kowa ya ɗaura wayar da ya samu? Launi ishara ce kawai. Gwaji shi ne shaida.

Kafin a ɗora wa makulli laifi sai a tabbata nasa ne. A fara da fiyus da bakin batir. Kana a kunna babur a tsaye, a juya kansa dama da hagu har ƙarshe. In ya mutu ko fitila ta yi ƙyafta-ƙyafta lokacin juyawa, sau da yawa waya ce ta karye a cikin rigarta a daidai wuyan babur, inda ta ke lanƙwasa kullum, makullin kuwa lafiyarsa lau. In kuma sai an jijjiga ɗan makulli kafin wuta ta kawo, to faifan ƙasa ne. Babur mai maganeto da aka murɗa makulli ya ƙi mutuwa, wayar kashewa ce ko ta at ta rabu. Wanda ya ƙi ba da wuta a fulogi bayan ruwan sama, mai yiwuwa laima ce ko tsatsa ta haɗa wayar kashewa da jiki a cikin makullin. Gwajinsa mai sauƙi ne: bakanike ya zare soket ɗin makulli, wanda galibi ya ke cikin kwanon babbar fitila, ya buga kik. In ya tashi, an kama mai laifi. Amma fa a tuna yanzu ba abin kashe shi. A rufe famfon mai a jira, ko a taka birki a sa giya a saki kulochi a hankali. Kada kowa ya fizge hular fulogi da hannu, wutar wurin tana da duka.

Mai wayarin na kirki yana da mita, ko aƙalla ƙwan fitila da waya biyu. Da shi zai bi wayoyin makulli ɗaya-ɗaya, a kashe da a kunne, ya ga wace ke haɗuwa da wace. Aikin minti goma ne. Wanda ya ce ba ya bukatar gwaji, idonsa ya isa, mu dai ba mu ba shi babur ɗinmu.

Yanzu a ce makulli ya mutu a hanya, ko a garin da babu mai sayar da irinsa, babur kuwa naka ne, ga kaya a ɗaure. Ana iya yi masa dabara ta wucin gadi da ɗan swic na hannu mai kunnawa da kashewa. Da farko a cire wayar batir ta ɓangaren at, kada a yi aiki da wuta a jiki. In mai maganeto ne, swic ɗin zai zauna tsakanin wayar kashewa da jikin ƙarfe, sai dai aikinsa a juye ya ke: in ya haɗa inji ya mutu, in ya raba inji ya tashi. Hon da sigina kuwa suna bukatar nasu swic ɗin dabam a tsakanin wayar batir da mai kai wuta gaba, kada a gwama su da na farko. In mai cin batir ne, swic ɗaya ya isa a tsakanin waɗannan biyun, amma lalle ya kasance bayan fiyus, kuma mai ɗaukar amfiya 10 ko fiye, domin fiyus ɗin ƙananan babura galibi 10 ne ko 15. Swic ɗin fitilar ɗaki da wasu ke ɗaurawa ba a yi shi domin ruwa da girgiza ba.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a fere waya biyu a murɗe su da hannu a bar su tsirara, kullum da safe a haɗa, da dare a raba. Wata rana za a manta. A babur mai kwantak da batir, in aka bar wuta a kunne inji ba ya juyawa, batir zai zube, kwayil kuma ya yi zafi har ya iya ƙonewa. Waya tsirara kuma in ta taɓa tanki ko firam, tartsatsi ne. A liƙe mahaɗa da dalma in da hali, a naɗe da salatif na wuta, a ɗaure yadda ba za ta goga da ƙarfe ba.

Kuma a sani, wucin gadi sunansa wucin gadi. Babur mai swic na hannu kowa ma direbansa ne, har yaran unguwa. Gaskiyar magana ma, daga bayanin da ya gabata kun ga makullin mai maganeto ba wani mai gadi ba ne ko da yana da lafiya. Makullin wuya da sarƙa da kwaɗo su ne tsaro, sai kuma idon mai jiran babura a bakin kasuwa. Wanda ya ɓoye ƙarin swic a inda shi kaɗai ya sani bayan ya sa sabon makulli, ya yi dabara.

Gyara na sosai shi ne a sake makulli. A tafi kasuwa da tsohon a hannu, kada a tafi da bayanin baki. A Kano akwai Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, a Kaduna akwai Panteka, manyan dilolin kayan babur kuwa da yawansu daga Nnewi su ke ɗauko kaya. A ƙirga wayoyi: na CG125 da 'yan'uwansa na Sin galibi huɗu ne, amma wasu tsofaffin Super Cub da irinsu makullin ne ke kunna fitilun dare, saboda haka tashoshinsa sun fi biyu, wayoyinsa ma sun fi yawa. A duba bakin soket da ramukan kusoshi. A murɗa a ji yana faɗawa kowace tasha da ƙarfi, ba sako-sako ba. Maganar bolt 6 da bolt 12 ba ta cika damun makulli ba, ta ƙwai da batir da hon ce, amma tsarin haɗin cikinsa tilas ya zama iri ɗaya da na tsohon, kuma a gwada da mita tun a shago. Sau da yawa tsohon makulli na asali da aka ciro daga mataccen babur ya fi sabo mai araha daɗewa, domin tagullarsa ta fi kauri. Araha ba ta ado.

Kafin ma a saya, a duba fuskar tsohon makullin. A baburan Japan da yawa na shekarun 1960 da 1970 an buga lamba a bakin ramin, ita ce lambar ɗan makulli. In ɗan makullin ne kawai ya ɓata ko ya cinye, mai yankan makulli yana iya yanka wani, gidan ya zauna yadda kamfani ya sa shi. Wannan ya fi wa mai niyyar sayarwa, domin babur mai makulli ɗaya da ke buɗe wuta da tanki da wuya ya fi daraja a idon mai saye. In kuwa ba makawa sai an sake, a sayi saiti gaba ɗaya.

Wajen ɗaurawa ba wani abu mai wuya. A cire batir, a rubuta ko a ɗaura alama a kan kowace waya kafin a zare, a sa sabo, a mai da fiyus na gaskiya. Wasu makullan an ɗaure su da kusoshi marasa kai, waɗanda kamfani ya karye kawunansu da gangan domin wahalar da ɓarawo. Waɗannan sai bakanike ya sassaƙa su da kurfi ko ya huda. Bayan an gama a gwada kashewa kamar yadda aka gwada kunnawa, a kuma juya kai dama da hagu inji yana aiki.

Saura naku, dillalai. Babur ya zo hannunka da ramin makulli a fashe, gefensa da tabon sukundireba, ko makullin wuya a karye, ko sabon makulli fil a jikin tsohon babur alhali murfin tanki na buɗewa da wani dabam. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce cewa na sata ne; mai shi ma ya kan ɓatar da makulli ya fasa da kansa. Amma kowanne tambaya ce, kuma mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Tsufa yana cin makulli a hankali, ramin ya yi santsi ya buɗe. Fashi kuwa yana barin sabon rauni mai ƙyalli. A nemi rasit na asali da takardun lasisi, a karanta lambar firam da ke wuyan babur da lambar inji, a gwada da abin da ke rubuce harafi da harafi. Lambar da aka goge, ko aka sake bugawa ba ta kan layi, ko aka shafe da sabon fenti a wurin kaɗai, ta ishe ka ka ce a kai kasuwa gaba. In mai kawowa yana gaggawa, ya karya farashi ƙasa da hankali, ba shi da wanda ya san shi a kasuwar, to la'adar nan ba ta kai kwana ɗaya a ofishin 'yan sanda ba. Kundin laifuffuka na Arewa, Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa karɓar kayan sata cikin laifuffukan ɗauri, kuma bai tsaya ga wanda ya sani kaɗai ba, har da wanda ya ke da dalilin da zai sa ya yi zato. Makulli a fashe ba takarda, ai dalili ne.

In takardu sun cika kuma mai shi sananne ne, to lalacewar makulli ta zama maganar ciniki kawai. A nan mai saye ya lura: kada ya rage kuɗin makulli kaɗai. Ya buɗe kwanon fitila ya ga halin da wayoyi su ke ciki, ya duba ko akwai fiyus, ya ga ko hon da sigina suna aiki, domin babur da aka daɗe ana tayarwa da murɗa waya da wuya a ce batir da wayarin ba su sha wuya ba. Kuɗin saitin makulli, da na mai wayarin, da na abin da aka tarar ya ƙone, duka a fitar da su daga farashi tun kafin a ce albarka. Mai sayarwa kuma da ya sake makulli, ya ajiye tsohon da rasit ɗin sabon, ya miƙa su tare da takardu. A rubuta a takardar ciniki cewa an sake makulli, da ranar da aka sake, da lambar firam da ta inji, shaidu biyu su sa hannu, dillali ya riƙe kwafi ɗaya a wurinsa.